Yadda `long` ya raba kan Linux da Windows

Duk lokacin da kod ɗin da ya yi aiki lami lafiya a Linux ya birkice a Windows, sai cacar baki ta tashi tsakanin masu rubuta manhaja. Wasu su zargi wannan tsarin, wasu wancan, wasu kuma su ce a jingine harshen rubuta manhaja na C a koma na Rust. Amma ruwa ba ya tsami banza.

A 1973 aka sake rubuta Unix, tsarin sarrafa kwamfuta da Linux ya kwaikwaya, da C a cibiyar bincike ta Bell Labs, abin da ya sauƙaƙa ɗaukarsa zuwa wasu na'urori. POSIX, ƙa'idar daidaita tsarukan dangin Unix, ya biyo baya a 1988, ƙa'idar C ta hukumar ANSI ta Amurka kuma a 1989.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne dogon zamanin na'urori masu bit 32. Ƙa'idar 1989 ba ta yanke girman `long`, wato wani ma'ajin lambobi a C, ba, cewa kawai ta yi kada ya gaza bit 32. To a kwamfutocin VAX, da kuma Unix a kan Intel 386, `int` (shi ma ma'ajin lambobi ne) da `long` da adireshin ƙwaƙwalwar na'ura duk girmansu ɗaya. Mai kod sai ya cusa adireshi cikin `long`, ya ciro shi, babu abin da ya faru. Aka yi shekaru a haka har dace ya koma tamkar doka. Sabo turken wawa.

Da bit 64 ya shigo a shekarun 1990, ɓangaren Unix ya faɗaɗa `long` zuwa bit 64, kuma Linux da macOS a nan suke. Windows ya bar shi a 32 don kada tsofaffin manhajojinsa su karye. Kowanne da hujjarsa, kuma babu wanda ya saɓa ƙa'ida. A ganina zaton masu kod ne ya rushe.

Ɗauki `ftell`, mai faɗin inda aka kai a cikin fayil. Amsarsa `long` ce. Ba shi bidiyo mai gigabayit 3 a Linux mai bit 64, zai ƙirga daidai. A Windows ƙirgar ba ta wuce 2,147,483,647, alhali kod ɗin ya haɗu ya zama manhaja ba tare da ko tari ba.

C99, wato ƙa'idar C ta 1999, ya kawo `int64_t` (ma'aji mai bit 64 daidai) da `intptr_t` (ma'ajin da ke ɗaukar adireshi) masu bayyanannen aiki, amma tsohon kod yana nan jibge. Wanda ya adana daƙiƙoƙin agogon Unix, waɗanda ake ƙirgawa tun daga 1970, a irin wannan ma'aji mai bit 32, ranar 19 ga Janairu 2038 ma'ajin zai cika ya tumbatsa.