Pramipexole: maganin cutar Parkinson da rashin natsuwar ƙafa

Pramipexole magani ne da ba a sha sai da takardar likita. Ana ba da shi ga masu cutar Parkinson, wadda aka fi ganewa da makyarkyatar hannu, da kuma masu fama da rashin natsuwar ƙafa da dare. Kamfanin Boehringer Ingelheim na Jamus ne ya samar da shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi don cutar Parkinson a 1997, sai a 2006 ta haɗa da ciwon ƙafar. Ana sayar da shi da sunayen Mirapex, Mirapexin da Sifrol, ban da masu rahusa da wasu kamfanoni ke yi da sunansa na asali. Ba ya warkar da ko ɗaya daga cikin cututtukan biyu, lafar da alamominsu kawai yake yi. Manyan illolinsa kuma irin waɗanda mai sha ba ya danganta su da ƙwayar ne, don haka sanin halin maganin ya wajaba a kan mutanen gida kamar yadda ya wajaba a kan majinyaci.

Yadda yake aiki

Ƙwaƙwalwa tana amfani da wani sinadari mai suna dofamin wajen daidaita motsin jiki. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, shi ya nuna matsayin wannan sinadari, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2000. A cutar Parkinson, wadda likitan Landan James Parkinson ya siffanta a 1817, ƙwayoyin da ke samar da dofamin a tsakiyar ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa sannu a hankali. Sai hannu ya riƙa rawa ko mutum na zaune, jiki ya sanƙare, tafiya ta koma ta jan ƙafa, rubutu ya ƙanƙance.

Levodopa, babban maganin cutar, jiki ne ke mayar da shi dofamin. Pramipexole kuwa kwaikwayon dofamin yake yi: ya je ya zauna a gurbin da sinadarin ke zama, ya tayar da jijiyar. Ya fi manne wa gurbin da ake kira D3, wanda yake da yawa a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da sha'awa da jin daɗin samu. Daga nan ne matsalar caca da za a ambata a gaba take tasowa.

Hanji na tsotse fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da aka sha, kuma yakan kai ƙololuwarsa a jini cikin awa 1 zuwa 3. Hanta ba ta da wani aiki mai yawa a kansa. Ƙoda ce ke fitar da kusan kashi 90 cikin 100 ta fitsari, yadda ya shiga. Rabinsa na barin jini cikin kimanin awa 8 ga matasa, awa 12 ga tsofaffi.

Rashin natsuwar ƙafa

Wannan ciwo bai kai Parkinson suna ba, kuma masu shi kan rasa kalmar da za su faɗe shi da ita. Wani ya ce kamar tururuwa na yawo a cikin ƙwaurinsa, wani ya ce tsami, wani ya ce ƙaiƙayi ne a cikin ƙashi inda farce ba ya kaiwa. Alamarsa dai ɗaya ce: yana zuwa da yamma ko da dare idan an zauna ko an kwanta, yana tilasta wa mutum motsa ƙafa, yana lafawa da zarar an tashi an taka, yana dawowa da an koma shimfiɗa. Likitan Ingila Thomas Willis ya siffanta shi tun ƙarni na 17, sannan Karl-Axel Ekbom na Suwidin ya yi cikakken bayaninsa a 1945. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, juna biyu da ciwon ƙoda mai tsanani duk suna jawo shi ko su tsananta shi. Saboda haka likita mai lura yakan fara da gwajin ma'ajiyar ƙarfe a jini kafin ya ɗauko biro.

Yawan abin da ake sha

Ƙa'idar ita ce a fara da kaɗan, a ƙara a hankali. Ga Parkinson ana farawa da miligiram 0.125 sau uku a rana, ana ƙarawa duk bayan kwana 5 zuwa 7, ba a wuce miligiram 4.5 a yini. Ga ciwon ƙafa sau ɗaya ake sha, miligiram 0.125, awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya. Iyakarsa a Amurka miligiram 0.5 ce, a Turai 0.75, duka biyun da irin lissafin kwalin Amurka da za a bayyana a ƙasa. Akwai nau'i mai narkewa sannu a hankali da ake sha sau ɗaya a rana, na Parkinson ne kaɗai, kuma ba a tauna shi, ba a raba shi, ba a daka shi.

Akwai wani ruɗani a jikin kwali da ya cancanci a tsaya a kansa. Amurka tana rubuta nauyin maganin haɗe da gishirin da aka sarrafa shi da shi, Turai kuwa takan sa nauyin zallar sinadarin a gaba. Ƙwayar da kwali ɗaya ya kira 0.125 ita ce wani ya kira 0.088, 0.25 ita ce 0.18; 0.5 ita ce 0.35, 1.0 ita ce 0.7. A ɗauka dattijo ya saba da kwalin da ke ɗauke da 0.25, sai ɗansa ya aiko masa da wani daga Ingila mai 0.18. Idan ya zaci na biyun ya fi rauni ya riƙa haɗiye biyu, ya ninka wa kansa magani bai sani ba. Duk lokacin da kwali ya sauya, a kai wa masanin magunguna tsohon da sabon ya kwatanta.

Wanda ya manta da ƙwaya ta yau da kullum, wato ba mai narkewa sannu a hankali ba, ya bari sai lokaci na gaba, kada ya haɗa biyu don ramuwa. Shan sa tare da abinci yana rage tashin zuciya.

Illoli

Waɗanda aka fi gani su ne tashin zuciya, jiri, taurin bahaya, kumburin ƙafa, rashin barci ko yawansa. Jini kan faɗi idan mutum ya miƙe da sauri, musamman a makonnin farko, shi ya sa ake cewa a zauna a bakin gado na ɗan lokaci kafin a tashi. Tsofaffi sun fi fuskantar gane-gane, su ga mutane ko dabbobin da babu su a ɗaki. A gida da yawa za a fara tunanin iska ko sammu, alhali rage magani a hannun likita yakan kawar da abin. Idan an haɗa shi da levodopa jiki kan yi wani motsin murɗe-murɗe da mutum ba ya iya hanawa, sai a rage levodopa.

Barcin ba-zata ya fi waɗannan haɗari. A 1999 likitoci a Amurka suka ba da rahoton majinyata masu shan pramipexole da ɗan'uwansa ropinirole da barci ya sace su suna tuƙi. Wasu ba su ji ko gyangyaɗi ba kafin abin ya faru, kuma yana iya soma bayyana bayan watanni ana shan maganin lafiya. Direba, ɗan acaɓa, mai aiki da injin niƙa ko mai hawa gini ya gaya wa likita sana'arsa tun ranar farko. Wanda abin ya taɓa samu sau ɗaya, ya ajiye tuƙi har sai likita ya duba shi.

Sauyin hali

Wannan ita ce illar da ta fi ɓarna a ɓoye. Maganin kan raunana ikon mutum na hana kansa abin da ransa ke so. Mutumin da bai taɓa shiga shagon caca ba sai ya wayi gari yana zuba kuɗi a cacar ƙwallo ta waya har asuba. Wani sha'awar jima'i ce ke ƙaruwa ta wuce hankali, wata sayayyar abin da ba ta buƙata, wani ci ba ƙoshi da tsakar dare, wani kuma ya kwana yana kwance rediyo yana ɗaurawa ba dalili. Wani babban bincike da aka wallafa a 2010, wanda ya duba masu Parkinson 3,090 a Amurka da Kanada, ya sami irin wannan hali a kashi 17.1 cikin 100 na masu shan magungunan wannan aji, wato masu kwaikwayon dofamin, a kan kashi 6.9 na waɗanda ba sa sha. Masu ciwon ƙafa ma ba su tsira ba duk da ƙanƙantar abin da suke sha.

Majinyaci ba kasafai yake kai ƙarar kansa ba, ko don kunya, ko don bai ga alaƙar ƙwayar ƙafa da asusun banki ba. Mata ko miji ko babban ɗa ne ke fara ganin bashi da ɓoye waya. Abin takaici, sau da yawa sai an yi wa mutum hukuncin lalacewar tarbiyya, an kai maganar gaban manya, kafin wani ya tuna da magani. Mafi yawan lokaci halin yakan ja da baya idan likita ya rage maganin ko ya sauya shi.

Tsanantar ciwon ƙafa saboda maganin

Ga masu ciwon ƙafa akwai tarko na musamman. Bayan watanni ko shekaru, maganin da ya kawo sauƙi shi ne kan ƙara wa ciwon ƙarfi. Abin da ke zuwa bayan isha'i sai ya soma tun la'asar, ya fi da zafi, ya hau zuwa cinya har da hannuwa. Mai shi yakan ce magani ya daina yi, a ƙara. Ƙarin kuwa sauƙin 'yan makonni yake bayarwa, sannan abin ya dawo da ƙarfinsa. Wani gwaji na mako 52 da aka wallafa a 2014 ya sami wannan matsala a kashi 7.7 cikin 100 na masu shan miligiram 0.5 na pramipexole, a kan kashi 2.1 na masu shan wani magani mai suna pregabalin. Wannan ya sa ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, a ƙa'idojin da ta fitar a ƙarshen 2024, ta janye pramipexole da 'yan ajinsa daga sahun gaba, ta fifita cike gurbin ƙarfe da magunguna irin su gabapentin da pregabalin. Su ma suna da nasu illolin, ba na sha da ka ba ne.

Dainawa

Ba a yanke shi dare ɗaya. Mai Parkinson da ya daina kwatsam yana iya shiga zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar jiki da ruɗewa, yanayin da ke iya kisa. Akwai kuma wahalar janyewa da aka siffanta a 2010: fargaba, baƙin ciki, zufa, ciwon jiki da kasala, wadda ƙarin levodopa ba ya magancewa. Likita ne ke tsara ragewa mataki-mataki. A inda maganin kan yi wuyar samu, a nemi sabon kwali tun tsohon bai ƙare ba.

Haɗuwa da wasu magunguna da yanayi na musamman

Metoclopramide, maganin amai da ake samu a kemis cikin sauƙi, yana toshe gurbin da pramipexole ke aiki, haka ma magungunan taɓin hankali irin su haloperidol da chlorpromazine. Wannan abin lura ne, tunda tashin zuciya na cikin illolin farko, kuma kemis ne wurin da ake fara nufa. Cimetidine na gyambon ciki yana rage fitarsa ta ƙoda, sai ya taru a jini. Giya da magungunan barci suna ƙara nauyin gyangyaɗi. Magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci kuwa suna tayar da ciwon ƙafar kansa.

Mai ciwon ƙoda yana buƙatar adadi ƙasa da na kowa. Ba a ba mai juna biyu sai likita ya ga amfanin ya rinjayi haɗarin, kuma yana hana ruwan nono zuwa saboda yana danne sinadarin da ke kawo shi. Mai sha sau uku a rana da ke son yin azumi ya je wurin likita tun cikin Sha'aban, domin matse ƙwaya uku tsakanin buɗa-baki da sahur yana ƙara jiri da faɗuwar jini. Wani lokaci komawa nau'in sau ɗaya a rana ne mafita.

Idan an sha fiye da kima, ko yaro ya haɗiya, a tafi asibiti da kwalin a hannu, don babu wani makari takamaimai da aka sani. Ana ajiye ƙwayoyin a cikin ledarsu ta asali, nesa da haske, inda zafi bai wuce digiri 30 ba, ma'aunin da aljihun mota ko ɗakin kwano a watan Afrilu ke wucewa tun da hantsi.