Yawan farkawa da dare a jarirai masu cutar maitokondiriya

Yawan farkawa da dare na daga cikin abubuwan da iyaye kan kai wa likita kuka a kansu idan jaririnsu yana da cutar maitokondiriya, wato rukunin cututtukan gado da ke hana ƙwayoyin halittar jiki samar da isasshen makamashi. Farkawar alama ce, ba cuta ba ce mai zaman kanta, kuma kusan duk sashen jikin da cutar ta taɓa yana iya jawo ta, ko ƙwaƙwalwa ce, ko tsoka, ko hanta, ko hanji, ko zuciya. Saboda haka sau da yawa dalilai biyu ko uku ne ke haɗuwa a kan jariri ɗaya. An ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 5,000 yana da wani nau'i na cutar, kuma wadda ta bayyana tun ana goye ta fi tsanani.

Tarihi

Maitokondiriya wasu 'yan ƙananan sassa ne a cikin ƙwayar halitta. Aikinsu shi ne haɗa abin da aka ci da iskar oksijin su fitar da sinadarin ATP, wanda da shi jiki ke motsi, da tunani, da numfashi. Bajamushe Richard Altmann ne ya siffanta su a wajajen 1890, sannan Carl Benda ya raɗa musu wannan suna a 1898. An daɗe bayan haka kafin wani ya danganta su da ciwo.

A 1951 wani likita a Landan, Denis Leigh, ya rubuta labarin wani yaro ɗan wata 7 da ya kamu da yawan barci, da makanta, da kurumta, da sandarewar gaɓoɓi, ya kuma rasu cikin 'yan makonni. Da aka duba ƙwaƙwalwarsa sai aka tarar da lalacewa iri ɗaya dama da hagu, mafi yawa a gindin ƙwaƙwalwa, wurin da ke kula da numfashi da kuma sauyawa tsakanin barci da farke. Leigh bai san dalilin ba. Abin da ya lura shi ne raunukan sun yi kama da na masu ƙarancin sinadarin tayamin, wato bitamin B1. Ciwon da ake kira da sunansa a yau shi ne nau'in cutar maitokondiriya da aka fi gani a ƙananan yara, kusan haihuwa 1 cikin 40,000, ko da yake a yankin Saguenay na lardin Kebek a Kanada adadin ya kai kusan 1 cikin 2,000.

Cutar farko da aka tabbatar daga maitokondiriya take ita ce wadda Rolf Luft da abokan aikinsa suka bayyana a Suwidin a 1962, a jikin wata mata mai yawan gumi da yawan ci amma ba ta ƙiba. A 1981 masana a Kambirij ta Ingila suka karance DNA ɗin maitokondiriya baki ɗaya, mai ɗauke da ƙwayoyin gado 37, wanda ta wurin uwa kaɗai ake gadonsa. A 1988 aka gano sauye-sauyen farko masu jawo cuta a cikinsa, a Landan da kuma Atlanta ta Amurka. Yanzu an san ƙwayoyin gado fiye da 300 da ke haddasa cutar, mafi yawansu ba a cikin DNA ɗin maitokondiriya suke ba, fiye da 75 daga ciki na ciwon Leigh kaɗai. A jarirai mafi yawa ba daga uwa kaɗai ba ne, sai yaro ya gaji gurɓatacciyar ƙwaya daga uwa da uba duka, abin da ya sa auren zumunci ke ƙara yiwuwar haɗuwarsu.

Batun barci kuwa an bar shi a baya. Wani bita da Ramezani da Stacpoole suka wallafa a 2014 ya tattara marasa lafiya 54 ne kacal da aka taɓa bincikar barcinsu, manya da yara, kuma matsalar numfashi ce ta fi yawa a cikinsu.

Barcin jariri

Ko jariri lafiyayye yana farkawa. Zagayen barcinsa minti 50 zuwa 60 ne, kusan rabinsa marar nauyi, kuma ba ya fara bambanta dare da rana sosai sai wajen wata 2 zuwa 3. Fitar haƙori, da ciwon kunne, da zafin ɗaki, da sabo da barci a kan nono duk suna tashin mai cutar kamar yadda suke tashin kowa.

Numfashi

Wannan ne dalilin da likitoci suka fi tsoro, kuma ta hanyoyi uku yake zuwa. Idan gindin ƙwaƙwalwa ya taɓu, kamar a ciwon Leigh, umarnin jan numfashi yakan yanke na 'yan daƙiƙu ana cikin barci. Oksijin ya ragu a jini, jiki ya zabura, jariri ya farka. Irin wannan ba shi da ƙara, don haka uwa tana iya ganin farkawar ba ta ga abin da ya jawo ta ba. Da rana ma akan ga alamunsa: yawan ajiyar zuciya, ko numfashi mai sauri da ke tsayawa ya dawo.

Hanya ta biyu ita ce sakin tsoka. Jaririn da jikinsa ya saki, harshensa da bangon maƙogwaronsa ma sukan saki su toshe hanyar iska, sai a ji minshari, ko a ga ƙirji yana lotsawa, ko gumi ya jiƙe shimfiɗa. Ta uku kuma raunin tantanin da ya raba ƙirji da ciki ne. A matakin barcin da ake mafarki sauran tsokokin ƙirji suna hutawa, aikin ya rage wa wannan tantani, in kuwa ba shi da ƙarfi sai gurɓatacciyar iska ta taru a jini. Da yake jariri ya fi babba daɗewa a wannan mataki, abin ya fi cinsa.

Jaririn da ya saba farkawa sannan kwatsam ya koma barci mai nauyi, da ƙyar ake tashinsa ya sha nono, ba sauƙi ya samu ba. Likitoci suna ɗaukar haka a matsayin alamar gaggawa, musamman in ya biyo bayan zazzaɓi, ko amai, ko gudawa.

Yunwa da sukarin jini

Dare shi ne lokaci mafi tsawo da jariri ke yi bai ci ba, masu wannan cuta kuwa ba sa jure zama da yunwa. Da yawansu tsotsonsu ba ƙarfi, sukan gaji kafin su ƙoshi, sai su riƙa tashi akai-akai suna neman abin da rana ba ta cika musu ba. A nau'o'in da ke kama hanta, irin na ƙwayoyin gado DGUOK da MPV17, sukarin jini yakan faɗi, jariri ya tashi da karkarwa, da gumi mai sanyi, da kuka marar ƙarfi. Idan jiki ya rasa makamashi ta hanyar da ya saba, sinadarin laktik yakan taru a jini, numfashi ya yi sauri, amai ya biyo.

Don haka shawarar da ake ba iyayen lafiyayyun yara a wasu ƙasashe, ta a bar jariri ya yi kuka har ya saba kwana bai sha ba, ba ta dace da waɗannan ba sai da yardar likitansu. Wasu ana ƙayyade musu awannin da ba za su wuce ba su ci ba, wasu ana ba su madara a hankali ta bututu har gari ya waye. Ɗanyen sitacin masara da ake ba manyan yara kafin kwanciya, ba a cika ba jariri shi ba sai ya kusa shekara, domin hanjinsa bai iya narkar da shi ba tukuna.

Farfaɗiya

Farfaɗiyar jarirai ba lallai ta zo da faɗuwa da kumfa ba. Akwai nau'in da likita William West ya bayyana a 1841, a jikin ɗansa na cikinsa: yaro ya dunƙule kwatsam, kai ya sunkuya, hannuwa su watsu, na daƙiƙa 1 ko 2, ya yi ta maimaitawa a jere. Yakan fara tsakanin wata 3 zuwa shekara 1, kuma ya fi zuwa daidai lokacin tashi daga barci, shi ya sa ake ɗaukarsa ciwon ciki ko firgita. Bidiyon waya yana taimaka wa likita ƙwarai, amma gwajin wutar ƙwaƙwalwa ne ke tabbatarwa. Murɗewar tsoka da ake gani a ciwon Leigh ba farfaɗiya ba ce, sai dai tana da zafi kuma tana hana komawa barci.

Ciki da hanji

Tsokar hanji ma makamashi take buƙata. In ta yi sanyi, abinci ya daɗe a ciki, sai tumbuɗi mai yawa, da ƙwannafi, da kumburi, da taurin bayan gida. Jaririn da haɗiyarsa ba ta daidaita ba yakan ƙware da nono ko da yawunsa, ya farka da tari.

Sauran dalilai

Kumburin tsokar zuciya, kamar a ciwon Barth, wani nau'i na cutar maitokondiriya, yana sa haki da gumi wajen shan nono. Ƙodar da ke zubar da ruwa da gishiri tana jawo yawan fitsari da ƙishi. Wasu jikinsu ba ya daidaita zafi da sanyi. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yana sa mutsu-mutsu a barci. Ana kuma cewa lalacewar jijiyar gani na rikita dare da rana, amma masana ba su daidaita a kai ba.

Magunguna

Ana yawan ba masu cutar sinadarin CoQ10 da kanitin, masu taimaka wa maitokondiriya samar da makamashi. Na farko yakan hana wasu barci in an ba su da yamma, na biyu yakan ɓata ciki. Wasu magungunan farfaɗiya suna sa rigima da ƙin kwanciya. Maganin sa barci yana da haɗari ga wanda numfashinsa ba ƙarfi, haka kuma an hana ba da maganin farfaɗiya na balfurowet ga mai gurɓatacciyar ƙwayar gado ta POLG, saboda yana iya kashe hanta.

Bincike

Akan fara da rubuta lokutan barci, da ci, da farkawa na mako 1 ko 2. Daga nan a auna oksijin cikin dare, ko a kwantar da jariri a asibiti a yi masa cikakken gwajin barci, a duba sukari da laktik a jini, a yi hoton zuciya. Wanda aka samu da raunin numfashi akan sa masa na'urar taimakon numfashi da dare. Ko da yana tumbuɗi, a rigingine ake kwantar da shi, a kan shimfiɗa mai tauri marar matashi.