Mene Ne Zaɓen Jeri?

"Ina son mutumin nan, amma ba zai kai labari ba, ba zan yi asarar ƙuri'ata ba." Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Jos ko Abuja gabanin zaɓen 2023 ya ji irin wannan. Zaɓen jeri tsari ne da aka ƙirƙiro domin maganin wannan tsoro.

A tsarinmu na yanzu, mutum ɗaya kake dangwala wa. A zaɓen jeri kuwa, sai ka jera 'yan takara yadda ranka ya fi so: wane na ɗaya, wane na biyu, wane na uku. Ana fara ƙirga zaɓin farko na kowa. In wani ya haura rabin ƙuri'u, an gama. In babu, sai a cire wanda ya zo na ƙarshe, a duba takardun waɗanda suka zaɓe shi, kowace a miƙa ta ga wanda mai ita ya sa a na biyu. Haka za a yi ta yi har wani ya haura rabi.

Mu gwada da zaɓen 2023. Tinubu ya samu ƙuri'u miliyan 8.79, wato kusan kashi 37 cikin ɗari, Atiku miliyan 6.98, Peter Obi miliyan 6.1 (shi ya lashe Filato da Abuja), Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Tazarar da ke tsakanin Atiku da Obi ba ta kai ƙuri'un Kwankwaso ba. Ke nan da jeri aka yi, zaɓi na biyu na 'yan Kwankwasiyya zai iya tantance wanda zai kara da Tinubu a ƙirgen ƙarshe. Dole manyan 'yan takara su je Kano su roƙi a sa su a na biyu, wanda kuwa kake roƙo ba ka zagin gwaninsa.

Ostireliya tana zaɓen majalisar wakilanta haka tun 1918. A Amurka, jihar Maine ta fara a 2018, inda ɗan takarar majalisar wakilai Jared Golden ya zo na biyu a ƙirgen farko amma ya yi nasara bayan an raba ƙuri'un 'yan takara masu zaman kansu. Amurkawa ba su manta da zaɓen shugaban ƙasa na 2000 a jihar Florida ba, inda ba a yi jeri ba: Bush ya ci da tazarar ƙuri'u 537, alhali Ralph Nader, ɗan takarar ƙaramar jam'iyya, ya kwashi fiye da 97,000. Birtaniya kuwa ta ƙi tsarin a ƙuri'ar raba gardama ta 2011.

Sai dai kada ƙananan jam'iyyu su yi saurin murna. A zaɓen Ostireliya na 2025, jam'iyyar Greens ta samu wajen kashi 12 na zaɓin farko, amma kujera ɗaya tal ta tsira da ita cikin 150. Jeri yana ba ƙaramar jam'iyya bakin ciniki ne. Rabon kujeru daidai da yawan ƙuri'u wani tsari ne daban, irin na Afirka ta Kudu.

A nan gida, gyaran sashe na 134 na kundin tsarin mulki (mai bayanin yadda ake cin zaɓen shugaban ƙasa), wanda sai majalisun jihohi 24 sun amince, ba shi ne ya fi damuna ba. Damuwa ta farko, takardarmu alamomin jam'iyyu ce da dangwale, 'yan takara kuma 18 ne a 2023. A ce tsohuwa a Riyom ta rubuta lambobi a jere, lalatattun ƙuri'u za su ƙaru. Ta biyun ta fi girma. Yau ana ƙirgawa a rumfa a gaban jama'a, wakilan jam'iyyu su sa hannu. A zaɓen jeri ba a sanin wanda za a cire sai an haɗa sakamakon ƙasa baki ɗaya, don haka nauyin ya koma cibiyar tattara sakamako ta Abuja, daidai matakin da aka fi yin rigima a kansa a 2023.