Dawo da fayil ɗin da aka goge bisa kuskure a kwamfuta

Dawo da fayil shi ne a ceto wani rubutu ko hoto ko bidiyo guda ɗaya da aka goge daga faifan ajiya na kwamfuta ba da niyya ba. Abu ne da ke yawan samun ɗalibanmu a Madina da Riyad lokacin rubuta bahasi, wato kundin binciken kammala karatu, da masu ofisoshin Umara a Makka da Jidda da ke tara hotunan fasfo, mutum ya zo share tarkace sai hannu ya haɗa da babi na uku.

Yadda gogewa take

Kwamfuta ba ta share fayil nan take. Kamar otal ne bayan aikin Hajji: an cire sunan alhaji daga rajista, an rubuta ɗaki babu kowa, amma jakarsa na nan ciki har sai an sa wani baƙon ya zo an fitar da ita. A Windows tsarin jera fayiloli da ake kira NTFS yana da babban rajista mai suna MFT, in aka goge fayil sai a yi wa layinsa alamar ba a amfani da shi, wurin da ya zauna kuma a lissafa shi cikin fili. A tsohon tsarin FAT, wanda har yanzu ake samu a filash da memori, harafin farko na sunan fayil ɗin ake maye gurbinsa da alamar E5, shi ya sa umarnin dawo da fayil, UNDELETE, na tsohon tsarin kwamfuta MS-DOS 5.0 a 1991 yake tambayarka harafin farko. Peter Norton ma da irin wannan ya yi suna, da manhajarsa UnErase a 1982.

To abin da ke kashe fayil shi ne sabon abu ya hau kan wurinsa. Kuma kwamfuta ba ta zama shiru, ko intanet ka buɗe tana rubuce-rubucenta a faifan, balle a ce Windows ta fara sabunta kanta. Don haka da an gane an yi ɓarna sai a tsame hannu, kar a sauke komai, kar a kwafa komai.

Inda ake fara dubawa

Kwandon shara, wanda a Windows ɗin Larabci za ka ga an rubuta sallatul mahzufat, yana nan tun Windows 95. In yanzu-yanzu aka goge ma Ctrl da Z ya isa. Sai dai wanda ya danna Shift da Delete ya tsallake kwandon, haka abin da aka goge daga filash galibi ba ya bi ta nan. Daga nan sai a leƙa OneDrive ko Google Drive, kwandonsu na riƙe fayil kwana 30, ko File History, mai ajiye kwafin fayiloli da kansa, da ya zo da Windows 8 a 2012 in dama an kunna shi, a Mac kuma takwaransa Time Machine. Kuma a duba WhatsApp da imel, sau da yawa ɗalibi ya riga ya tura wa mushrif, malamin da ke duba aikinsa, kwafi ya manta.

Manhajojin ceto

Ga mai neman fayil ɗaya tak, Recuva ta kamfanin Piriform ta fi sauƙi, don tana karanta rajistan ne, za ta nuna sunan fayil da foldarsa har da ɗigo kore ko ja na lafiyarsa. Microsoft ma ta fitar da Windows File Recovery a 2020, kyauta ce amma sai an rubuta umarnin winfr da hannu, kuma ba ta yarda a ajiye abin da aka ceto a faifan da ake bincike. Wannan ƙa'idar ta kowace manhaja ce: a sa ta a filash, abin da ta samo ma a zuba a filash. Mutane da yawa a nan suke yanka kansu, su sauke manhaja uku huɗu a kan faifan da fayil ɗin yake, su taka shi da ƙafarsu.

In rajistan ya riga ya tafi, sai PhotoRec ta Christophe Grenier. Ita ba ruwanta da suna, faifan take bi tana shinshina farkon kowane irin fayil, hoton JPEG na farawa da FF D8 FF, PDF da %PDF, takardar Word ta zamani da PK saboda a asali ZIP ce. Tana aiki sosai amma fa za ta zubo maka dubban fayiloli da lambobi a madadin suna, ka zauna kana buɗewa ɗaya-ɗaya har a kira Asuba, kuma fayil ɗin da ya warwatsu gida-gida a faifan yakan dawo rabi.

SSD

Nan ne labarin ke sauyawa. Yawancin laftof ɗin da ake sayarwa yanzu SSD ke cikinsu, wato faifan ajiya na zamani da ba ya juyawa, kuma akwai umarnin TRIM da Windows ke aikawa tun Windows 7, yana gaya wa faifan cewa wurin nan an gama da shi. Faifan sai ya share da kansa, wani lokaci cikin mintuna, Recuva ta nuna maka sunan fayil ɗin ras amma ka buɗe ka tarar da sifili zalla. Tsohon faifai mai juyawa ya fi rufin asiri a wannan fannin.

Faifai mai juyawa da ke ƙara ƙas-ƙas kuwa, ko wanda ya faɗi ƙasa, ba na manhaja ba ne, a kashe shi kawai a kai wa masu gyaran da ke da ɗaki marar ƙura, don tsakanin allurar da ke karanta bayanai da faifan tazarar ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba. Mai gyara na kirki zai fara kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani, sannan ya yi bincikensa a kan kwafin.