Waiwaye: Maganin ƙwari da ƙwaƙwalwar dabbar da bai kashe ba

Shekaru da dama, babbar tambayar da ake yi kafin maganin ƙwari ya shiga kasuwa ita ce: yaya yawansa zai kai kafin ya kashe rabin ɓerayen gwaji? Wanda bai mutu ba, an ɗauka ya sha da ƙyar, shi ke nan.

Alhali tun asali jijiya aka nufa. A 1936 Gerhard Schrader na Jamus yana neman maganin ƙwari ya faɗa kan tabun, gubar yaƙi. Daga danginta aka samu magungunan organofosfet, masu toshe sinadarin da ke share saƙon jijiya bayan ya isa. Saƙo sai ya taru, jijiya ta yi ta harbawa ba tsayawa. Wannan sinadari kuwa ba ƙwaro kaɗai ke da shi ba. Kifi, tsuntsu da ɓera duk suna da shi.

Abin da ya fi ruɗa masu bincike shi ne yadda jiki ke sabawa da maganin. Ɓeran da ake ba kaɗan-kaɗan kullum yakan fara da karkarwa da dalalar da miyau, bayan kwanaki alamun su lafa. Ba warkewa ya yi ba. Ƙwaƙwalwarsa ce ta rage yawan wuraren karɓar saƙon don ta kare kanta, kuma da wannan saƙon ake koyo da tunawa. Daga baya gwaje-gwajen Theodore Slotkin a Jami'ar Duke sun nuna jariran ɓerayen da aka ba ɗan kaɗan na klorfirifos, ɗaya daga cikin magungunan organofosfet, sun girma da sauyi a tsarin serotonin, wani sinadarin saƙo na ƙwaƙwalwa, da kuma ɗabi'arsu. Amurka ta sanar da janye shi daga amfanin gida a 2000, Tarayyar Turai ta haramta shi a 2020.

Sai neonikotinoyid, wani rukunin magungunan ƙwari da suka bazu daga farkon shekarun 1990, ana yabonsu da sauƙin illa ga dabbobi masu shayarwa. A 2012 masu bincike a Faransa suka liƙa wa ƙudan zuma 'yan na'urori a gadon baya, suka ba su maganin daidai wanda ba ya kisa. Da yawa suka kasa komawa amya. A ganina nan tsohon ma'aunin ya tonu, don ƙudan da ya ɓata a jeji ba ya shiga lissafin gawa. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili, in ban da cikin rufaffun gidajen shuka.