Haruffa huɗu, furuci barkatai: tambayoyi kan kalmomin Turanci masu "ough"

Wai furuci nawa ne waɗannan haruffa suke da shi?

A Turancin Ingila na yau, aƙalla bakwai. A tough, mai tauri ko wahala, da rough, mai kaushi, da enough, wato abin da ya isa, ana furta su "af". A cough, tari, da trough, kwamin da ake zuba wa dabbobi ruwa, sai su koma "of". A though, ko da yake, da dough, kwaɓaɓɓiyar fulawar burodi, "ou" ake ji. A through, ta cikin abu, "u" ne zalla. A bough, babban reshen bishiya, da plough, garma, da drought, fari na rashin ruwan sama, "au" ne. A bought, ya saya, da brought, ya kawo, da fought, ya yi faɗa, da thought, tunani, doguwar "o" ce. Sai thorough, aikin da aka yi tsaf ba ha'inci, wanda ƙarshensa gajeren "a" ne kawai.

Me ya kawo wannan rikici?

Asalin maganar, "gh" ɗin nan da muke tsallakewa a yau, da can ana furta shi. Sauti ne na maƙogwaro, kusan irin harafin خ da duk wanda ya yi makarantar allo ya sani a kalmar "khairan". A tsohon Turanci da harafin h ake rubuta shi: night, dare, niht ake rubutawa, kuma ana jin gurzar maƙogwaron a tsakiya. Bayan Normandawa masu jin Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066, salon rubutu ya yi ta sauyawa a hannun marubuta, har sautin ya zauna a matsayin "gh".

Daga baya bakin mutane ya ƙi shi. A wasu kalmomin ya ɓace gaba ɗaya, a wasu kuma ya rikiɗe ya zama "f", shi ya sa ake cewa "kof" da "inaf". A lokaci guda, tsakanin wajen 1400 zuwa 1700, wasulan Turanci masu tsawo suka yi ta sauya wuri, kowace kalma ta kama gabanta. Wanda yake son jin tsohon sautin da kunnensa ya saurari Bajamushe: har yau yana cewa Nacht don dare, Tochter don 'ya mace, durch inda Bature ke cewa through. Mutanen Sikotland ma sun riƙe shi a kalmar loch, wato tafki.

To me ya hana a gyara rubutun ya bi furucin?

Injin buga littafi ne ya riga su. William Caxton ya kafa maɗaba'a a Westminster a 1476, daidai lokacin da furucin ke cikin sauyawa, sai rubutun ya fara daskarewa a takarda, baki kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ƙara ɗaure shi. A Amurka, Noah Webster ya ɗan taɓa gyara a ƙamus ɗinsa na 1828, kuma a can plow ake rubutawa maimakon plough. Za ka kuma ga thru a allon wuraren sayar da abinci na Amurka, amma kada ka kuskura ka kai shi takardar jarrabawa, malami zai ja masa jan biro.

Waɗanne ne suka fi kayar da ɗalibai?

Biyar ɗin nan da suke kama da 'yan gida ɗaya: tough, though, through, thought, thorough. Harafi ɗaya ke raba wasu, amma ma'anarsu ta yi hannun riga. Ɗalibi zai so ya ce ya bi ta cikin kasuwa, sai ya manta "r", ya rubuta though, jimlar ta koma "ko da yake kasuwa". A ganina wannan ya fi kuskuren furuci muni, domin mai karatu ba shi da damar tambayarka me kake nufi.

Abin lura shi ne "th" ɗin ma ba iri ɗaya ba ne. Na though kamar ذ yake, na through da thought da thorough kuma kamar ث. Tough ba shi da "h" bayan "t" sam. Irin waɗannan kalmomi ne masu shirya sashen furuci na jarrabawar WAEC suke jin daɗin kawowa, su ce ka zaɓi wadda ta yi amo ɗaya da wata.

Hiccough fa, me ya sa ake furta shi "hikap"?

Wannan bara-gurbi ne a cikin dangin. Kalmar shaƙuwa ce, kuma hiccup ne rubutun da ya riga shi. Wasu ne suka ɗauka tana da alaƙa da cough, tunda duk a maƙogwaro abin yake, suka liƙa mata rubutun tari, furucin kuwa bai motsa ba. Rubuta hiccup abinka.

Akwai wata doka da mutum zai riƙe?

Guda ɗaya ce mai ɗan amfani: in "t" ya biyo baya, kusan kullum doguwar "o" ce, kamar sought, ya nema, da ought, ya kamata. Drought ne ya karya ta. Sauran sai hadda, kuma a haddace su gida-gida bisa amo, tough da rough da enough a layi ɗaya, bough da plough a nasu, ba bisa kamannin rubutu ba.

Sunayen garuruwan Ingila kuwa babu dokar da ta kama su. Masu kallon ƙwallo sun saba jin Middlesbrough ana ƙare shi da "bra". Slough, kusa da Landan, "Slau" ne. Loughborough kuma ya haɗa biyu a suna ɗaya: "ough" na farko "af", na biyu "a", sai a ce "Lafbara".