Gudun zafin bazara: wa ya kamata ya tafi, wa ake bari a gida?

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa saukar ruwan farko, wanda a arewacin jihar Kebbi kan kai ƙarshen Mayu ko ma Yuni, zafin rana a Birnin Kebbi da Argungu da Jega kan haura digiri 40, dare kuma ba ya kawo wani sauƙi ga mai kwana ƙarƙashin kwano. A irin wannan lokacin ne mu ma'aikatan lafiya a ƙananan asibitoci muke yawan shan tambaya iri ɗaya daga masu ɗan hali: "Likita, in na kai Inna Jos ta yi wata biyu wajen ƙanena, zai taimaka kuwa?" Amsata ita ce e, zai taimaka ƙwarai, amma akwai magana a bayan wannan e ɗin.

Sanyin Jos ba wani abin mamaki ba ne, tudu ne ya kawo shi. Garin yana kan tsayin kusan mita 1,200 daga matakin teku, mu kuwa nan kwarin gulbin Rima ba mu wuce mita ɗari biyu da 'yan kai ba. Duk hawan mita dubu ɗaya yakan rage zafin iska da kimanin digiri 6, ga kuma ruwan sama da ke sauka can tun watan Afrilu muna nan muna duban gabas. Tsaunin Mambila a jihar Taraba ya ma ɗara Jos, yana kai wa kimanin mita 1,600, shi ya sa ake noman ganyen shayi a can. Amma kada wani ya ɗauka duk inda ya nufa kudu ya tsira. Legas ba ta kai mu zafi a ma'auni ba, sai dai iskarta a jiƙe take, gumi ba ya bushewa a fata, alhali bushewar gumin nan ita ce hanyar da jiki ke sanyaya kansa. Dattijon da ya saba da busasshen zafinmu yana iya galabaita a can fiye da gida.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ke tafiyar. Mun gaji cin rani tun kaka da kakanni: da an gama girbi samari majiya ƙarfi sun kama hanya, masu kuɗi kuma sun ɗauki hutu sun bar gari. Wa ya rage? Tsohuwa mai shekara saba'in, mace mai ciki wata takwas, jariri, da baban gida mai hawan jini. Su ne kuwa zafi ya fi kayarwa. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, jikinsa ba ya yin gumi yadda ya kamata, zuciyarsa kuma ba ta da ƙarfin ƙarin aikin da zafi ke ɗora mata. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, sai ruwan jiki ya ƙare ba a ankara ba, ƙoda ta wahala. Saboda haka in kuɗin mota da wurin sauka na mutum ɗaya ne a gida, a ba wanda ya fi rauni, ba wanda ya fi iya magana ba.

Sai dai ba kowane mai rauni ne sanyi zai yi wa daɗi ba. Yaro mai sikila sanyi kan tayar masa da ciwon ƙashi, mai asma ma haka. A bazara daren Jos mai daɗi ne, amma wanda ya yi niyyar zama dindindin ya san cewa hunturun can wani abu ne daban, dare kan sauko ƙasa da digiri 15. Baƙi da yawa sukan shigar da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum zai ji ciwon kai da kasala ya kwanta, shi ke nan. Ko janareta aka kunna a cikin gida ko bakin taga, hukuncin ɗaya ne.

Akwai kuma masu gudun sanƙarau, don mutanenmu sun haɗa shi da zafi. Gaskiya ne a rani yake tashi, amma ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana bin numfashi da tari daga mutum zuwa mutum. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana maƙogwaro da hanci, cunkoso a ɗaki mara taga kuma ya ƙarasa aikin. Mun ga abin da ya yi a Zamfara da maƙwabtanta a 2017, mun kuma gan shi a Gwandu da Aliero da Jega a 2025. Filato ba ta fita daga yankin da cutar ke ziyarta ba, kuma mutum kan ɗauki ƙwayar a maƙogwaronsa ya kai wa wasu shi yana lafiya lau. Abin da ke kariya shi ne allurar rigakafi. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar. In ana yin ta a unguwarku a karɓa, kuma a sani tana ɗaukar kamar kwana goma kafin ta kama jiki.

Mai tafiya ya zo asibiti kafin ya je tasha. A auna jininsa, a ba shi maganin da zai kai shi dawowa, a rubuta masa sunan maganin a takarda, domin "farar ƙwaya ƙarama" ba suna ba ne da mai kemis a Bukur, kusa da Jos, zai gane. Mai shan maganin tarin fuka ko na ƙanjamau ya nemi takardar canjin asibiti, don tsallake kwanaki kan sa maganin ya daina aiki. Mai ciki ta riƙe katin awo, kuma wadda ta shiga watan haihuwa ni ban ba ta shawarar doguwar tafiya ba sam. Uwa ta ɗauki katin rigakafin yaro. A nan akwai abin lura: allurar zazzabin cizon sauro da aka fara yi wa yara a watan Disamban 2024, Kebbi da Bayelsa aka fara da su, don haka uwa ta tambayi ma'aikacin lafiya yadda za a tsara sauran alluran ɗanta kafin ta tashi. Mai allurar ciwon suga ya naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma, kada ya jefa ta but ɗin mota.

Hanyar kanta ita ce wurin da na fi jin tsoro. Daga Birnin Kebbi zuwa Jos tafiyar wuni ce cur, kuma halin tsaro ya sa babu mai son dare ya yi masa a hanya, ke nan rana tsaka tana samun mutane a mota, an cusa su kamar buhunan shinkafa. Mata da yawa sukan ƙi shan ruwa tun asuba don kunyar cewa direba ya tsaya. Hajiya, ki sha ruwanki, ki ce a tsaya. Kunyar minti biyar ta fi kwanciya asibiti. Kada a bar yaro cikin mota a rufe a tasha ko da za a sayo ruwa ne a dawo.

Dawowa ma da nata. Jiki yana sabawa da zafi cikin mako ɗaya zuwa biyu, yana kuma manta sabon in ya yi makonni a wuri mai sanyi. Wanda ya dawo farkon Mayu saboda biki ko sharar gona ya faɗo cikin tsakiyar wuta da jikin da ya sake. Ko dai ya jira ruwa ya sauka, ko ya yi kwanakin farko yana aiki da sassafe kawai.

To, mafi yawanmu ba mu da ƙane a Jos, ba mu da kuɗin mota. Ƙaurar da ta rage mana ta cikin gida ce, kuma ba ƙaramin aiki take yi ba. Sau da yawa za ka shiga gida ka tarar an sa tsohuwa a sabon ɗakin bulo mai kwano ba sili, don girmamawa, tsohon soron ƙasa mai kaurin bango kuma an mayar da shi ma'ajiyar hatsi. Ka sa hannu a bangon bulon da ƙarfe tara na dare ka ji har yanzu da ɗumi, ita kuwa tana kwance a katifar soso, taga ɗaya a rufe da labule. A musanya. Hatsi ya koma ɗakin kwano, Inna ta koma soro. Inda babu soro, a shimfiɗa zana ko karan dawa bisa kwanon a ɗaure da kyau, ko a shafa masa farin fenti. Da rana a fito da ita ƙarƙashin darbejiya, a yayyafa ruwa a ƙasa, a ajiye tulu kusa da hannunta, a kuma riƙa miƙa mata ba sai ta nema ba. Mai kwana a tsakar gida ya ɗaura gidan sauro. Fanka tana da amfani, amma in zafin ɗakin ya haura digiri 40 iska mai zafi kawai take hura wa mutum, sai an jiƙa zane ko fatar jiki tukuna.

Jaririn da bai kai wata shida ba nono ya ishe shi ko a bazara, a dai yawaita ba shi, uwar ce za ta sha ruwa. Wanda gumi ya tsiyaye shi har yana jiri ko jijiyoyinsa na ɗaurewa, a haɗa masa ruwan gishiri da suga: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na suga a shafe, rabin cokalin na gishiri. Fitsari in ya yi ja ya ragu, ruwa ya yi ƙaranci a jiki.

In kuwa mutum ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya suma jikinsa rau da zafi, wannan bugun zafi ne, ba iskokai ba, kuma farasitamol ba ya saukar da shi. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a kwarara masa ruwa a jiki ana fifita, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi. Kada a ɗura masa ruwa a baki in ba ya cikin hayyacinsa, a kwantar da shi ta gefe. Wani ya nemo abin hawa tun ana cikin wannan, kuma a ci gaba da jiƙa shi a hanya har a isa asibiti.